Bayis da Bis: Kalma Ɗaya da Ta Shigo Hausa ta Ƙofa Biyu

A hutun damina da ya wuce na je gida Sarkin Hausa, cikin gundumar Mayahi, sai ƙarfen birkin babur ɗin yayana ya lanƙwashe. Muka tura shi zuwa rumfar wani maƙeri da ke bakin kasuwa, wanda ƴaƴansa suka haɗa ƙira da walda. A gefen rumfar an kafa wani gungumen itace, a kansa an ɗaure wani ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da hannun murɗawa. Babban ɗan, wanda ya yi shekaru yana cin rani a Kano, ya ce wa ƙanensa ya sa ƙarfen birkin a “bayis”. Ƙanen, da ya yi koyon sana'a a Maraɗi, ya ce ai sunan abin “eto”. Ni kuwa da karambanin ɗalibin harshe sai na juya wajen tsohon na ce, “Baba, ku mi kuke ce mashi?” Ya dube ni ya ce, “Awartakin Nasara ne. Bambancinshi da nawa, shi ba ya gajiya.”

Abu ɗaya ke nan da suna uku a rumfa ɗaya. Da aka zo mayar da ƙarfen, babban ya nemi “sukundireba”, ƙanen ya miƙa masa yana cewa ga “turnabis”, daga nan kuma “bis” ɗaya ya faɗa cikin rairayi aka shiga nema. Babu wanda ya lura, har ni kaina a lokacin, cewa “bayis” na yayan da “bis” na ƙanen kalma ɗaya ce tun asali. Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar, domin a cikinta akwai darasin ilimin ma'ana, da na tsarin sauti, da kuma wata tambaya da ke jiran masu tsara littattafan makaranta a ƙasar nan.

Abin da kalmar ke nufi

Bayis, wasu kan rubuta “bais”, ƙarfe ne mai muƙamuƙi biyu, ɗaya a kafe, ɗaya mai motsi. Wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen tsagi ya ratsa su. In aka juya hannun, muƙamuƙin mai motsi ya matso ya danne duk abin da aka sa a tsakani, kuma ko an saki hannun ba zai sake ba. Nan ne maganar tsohon ta yi daidai. Awartaki ma yana da baki biyu, amma ƙarfin riƙonsa daga hannun maƙeri yake fitowa, da zarar hannu ya gaji ko ya sassauta, ƙarfe ya zame. Shi ya sa maƙerin gargajiya yake aiki da hannu ɗaya a kan awartaki ɗaya a kan masaba, ko kuma ya sa yaro ya riƙe masa. Bayis kuwa yana mayar wa mai aiki da hannayensa biyu, ya kama magagari ko zarto da su duka.

Hausa ba ta rasa kalmomin kayan kamawa ba. Awartaki na maƙeran baƙi ne, na ɗauko jan ƙarfe daga wuta a ɗora a uwar maƙera, kuma a wasu wurare akan ji “arautaki”, inda sautuka suka yi musayar gurbi. Hantsaki ƙarami ne, na ƙananan ayyuka irin na maƙeran fari. Matsefata ta cire ƙaya ce. Filaya ta zo daga baya tare da masu gyaran keke da mota. In muka jera su muka nemi abin da ya raba ma'anarsu, za mu ga abu biyu: girman abin da ake kamawa, da kuma inda ƙarfin riƙon yake fitowa. Duk huɗun sun taru a kan riƙon hannu. Bayis kaɗai ne ke riƙo da murɗi. Wannan siffa ita ce gaba ɗayan tarihin sunansa.

Daga kurangar inabi

A Latin, harshen Rumawa, akwai kalmar “vitis”, wato kurangar inabi. Tana da dangantaka da aikatau “viere”, mai nufin kitsawa ko naɗewa, don haka asalin ma'anarta ita ce abin da ke naɗewa. Wanda bai taɓa ganin inabi a gona ba ya tuna da yaɗon duma ko na kabewa a jikin danga: akwai wasu siraran zaruruwa da ke fitowa daga jikin yaɗon, su kama kara su nannaɗe shi zagaye bayan zagaye. Wanda ya dubi wannan naɗi, ya dubi tsagin da ke jikin ƙusa mai murɗi, zai ga hoto ɗaya ne. Rumawa kuwa sun san murɗaɗɗen katako tun da daɗewa. Marubucinsu Pliny Babba, wanda ya mutu a shekara ta 79, ya bayyana matsar inabi da ake yi da irin wannan murɗi.

Da Latin ta rarrabu ta haifi harsunan kudancin Turai, kalmar ta bi su da ma'anoni biyun. A Italiyanci har yau “vite” na nufin kurangar inabi, tana kuma nufin ƙusa mai murɗi. A Faransanci ta zama “viz”, daga baya “vis”, ta bar ma'anar tsiro ga wata kalma, ta tsaya a kan abubuwan murɗi: ƙusar da muka sani, da murɗin injin matsa, da matakala mai zagayawa irin ta cikin hasumiya. Wannan shi ne mataki na farko na sauyin ma'ana, kuma kamanci ne ya jawo shi, kamar yadda Bahaushe ya dubi na'urar da ke tashi sama ya kira ta “jirgi”, sunan da a da na kwalekwale ne.

A 1066 Normandawa masu magana da wani karin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, kuma ƙarnuka bayan haka Faransanci ya kasance harshen fada da shari'a da manyan gine-gine a can. Dubban kalmomi suka kwarara cikin Ingilishi, har da wannan. Tun wajen 1300 ana samun ta a rubuce-rubucen Ingilishi da ma'anar na'urar murɗi ta ɗaga kaya, da matakala mai zagayawa, da murɗin injin matsa. Sai wajen 1500 aka fara ganin ta da ma'anar da muka sani, wato ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da ake rufewa da murɗi. Wannan mataki na biyu ba na kamanci ba ne. Sunan sashe ne ya zama sunan dukan abu. Murɗin da ke cikin na'urar shi ne zuciyarta, sai aka kira na'urar duka da sunansa. Muna da irinsa a bakinmu kullum: “waya” asali siririn ƙarfe ce, sai ta zama sunan tarho domin ta cikinta magana ke bi, yau kuma ga ta sunan abin da ke aljihunmu wanda babu ko taƙin waya a jikinsa. Masana tarihin harsunan Turai ma kan mayar da kalmar Ingilishi da ta haifi “waya” ga tsohuwar saiwar nan ta naɗewa da ta haifi “vitis”, ke nan waya da bayis dangi ne na nesa.

Ingilishin Ingila na rubuta kalmar “vice”, na Amurka “vise”. Faransanci kuwa bai taɓa bin wannan mataki na biyu ba. A wurinsa “vis” ƙusa ce kawai, na'urar kuma “étau” ce, kalmar da ƙamusoshinsa ke dangantawa da tsohuwar kalma “estoc”, kututturen itace. Da na karanta wannan sai gungumen rumfar maƙerin garinmu ya faɗo mini a rai. Ingilishi ya dubi murɗin ya raɗa suna, Faransanci ya dubi kututturen da aka kafa abin a kai. Jamusanci ya haɗa biyun a kalma ɗaya, “Schraubstock”, rabin farko murɗi, rabin ƙarshe gungume.

Akwai wani abin dariya a gefe. Kalmar Ingilishi “screw”, wadda ke farkon “sukundireba”, ita ma daga Faransanci take, daga kakar kalmar “écrou”, wato abin da a Najeriya ake kira “noti”. Ke nan Ingilishi ya ɗauki sunan ƙusa ya ba na'urar matsa, ya ɗauki sunan noti ya ba ƙusa. Kowace kalma ta gusa da taki ɗaya.

Yadda baki ya sarrafa ta

Me ya sa Bakano ke cewa “bayis”, mutumin Tasawa kuma “bis”, alhali tushen ɗaya ne? Rabin amsar ba ta cikin Hausa, tana Ingila. Tsakanin wajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Ingilishi suka yi wata babbar ƙaura, wadda masanin harshe ɗan Danmak, Otto Jespersen, ya raɗa wa suna. A cikinta dogon wasalin /ii/ ya rikiɗe ya zama tagwan wasali /ai/, rubutu kuwa ya tsaya inda yake. Baturen Ingila na 1300 da wasalin /ii/ yake faɗin kalmar, kusan kamar Bafaranshe. Jikansa da ya sauka Kano da /ai/ yake faɗin ta. Faransanci bai yi wannan ƙaura ba. Don haka /ai/ ɗin da ke cikin “bayis” tambarin Ingila ne, kamar na cikin “layi”, wadda takwararta ta Faransanci, “ligne”, ke riƙe da /i/ har yau.

Sauran rabin amsar na Hausa ne, kuma abu biyu ne. Na farko, Hausa ba ta da sautin /v/, wanda ake furtawa da leɓen ƙasa da haƙoran sama. Mafi kusa da shi a wajen furuci, kuma mai ziza kamarsa, shi ne /b/. Ƙa'idar ba ta damu da harshen da aka aro daga gare shi ba. Daga Ingilishi muna da “biza”, “bidiyo”, “talabijin”, “direba”, “shebur”, “bawul”. Daga Faransanci muna da “belo” da “bakans” da shi kansa “turnabis”. Akwai inda ya kauce, kamar “Nuwamba”, inda wasalin da ya gabace shi ya ja shi zuwa /w/, amma a farkon kalmarmu babu abin da zai ja shi, don haka ta ƙofa biyun duka /b/ aka samu.

Na biyu ya fi daɗi, domin yana nuna tsarin gaɓar Hausa a sarari. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, kamar “ci”, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar “kai”, sai baƙi da gajeren wasali da baƙi, kamar “nan”. Babu ta huɗu mai tagwan wasali sannan baƙi ya rufe ta, shi ya sa “kai” in ya ɗauki /n/ na nasaba yake komawa “kan”, “mai” ya koma “man”. To, kalmar Ingilishin gaɓa ɗaya ce mai wannan siffa da Hausa ba ta yarda da ita ba: baƙi, /ai/, sannan /s/. Hausa sai ta fasa ta biyu, ta mayar da /i/ ɗin tagwan wasalin ya zama /y/, ta ba shi nasa wasali: ba-yis. Haka aka yi wa “fayil” da “kwayil” da “tayil”. Mai rubuta “bais” yana bin kunnensa ne a maganar sauri, mai rubuta “bayis” yana bin tsarin gaɓa, kuma ni ina ganin na biyun ya fi dacewa da ƙa'idar rubutu, tun da babu mai rubuta “fail”. Ita kuwa “vis” ta Faransanci ta zo da siffar da Hausa ta riga ta sani, baƙi da gajeren wasali da baƙi, kuma Faransawa na furta /s/ ɗin ƙarshenta. Ba ta bukaci gyara ba sai na baƙin farko. Ta shiga sahun “bas” da “kwas”, masu gaɓa ɗaya da karin sauti faɗau.

Jinsi ma Hausa ce ta yanke, ba harshen asali ba. A Faransanci “vis” tamace ce, amma a bakin bakanike “bis” namiji ne, domin bai ƙare da /a/ ba. “Bayis” ma namiji ne. “Filaya” da “sufana” kuwa mata ne, ba don komai ba sai don Turawan Ingila ba sa furta /r/ na ƙarshen kalma, Bahaushe ya ji /a/, kuma suna mai ƙarewa da /a/ galibi tamace ne a wurinsa. A bakin dattawanmu na Mayahi da Tasawa ma “filaya” kan koma “hilaya”, domin a karin harshenmu /f/ na Kano /h/ ne ko /hw/, kamar yadda muke cewa “tahi” da “hwari”.

Kalmomi biyu da suka fito daga tushe ɗaya ta hanyoyi daban, su zauna a harshe ɗaya da siffa da ma'ana daban, za mu iya kiran su kalmomi tagwaye. “Bayis” da “bis” ba su ne na farko ba. Kalmar Latin “charta”, wadda ita ma daga Girkanci take, ta ratso Sahara ta bakin Abzinawa, ta ɗauko ɗafa-goshin “ta-” na jinsin mace a harshensu, ta iso mana a matsayin “takarda”. Bayan ƙarnuka ta sake dawowa ta Ingilishi a matsayin “kati”, ta Faransanci kuma “kart”. Mai son zurfafawa a kan hanyar Sahara ya nemi littafin Maarten Kossmann na 2005 kan kalmomin Berber a Hausa, a kan aron Faransanci a Hausar Nijar kuma akwai nazarin Claude Gouffé na 1971.

Ƙofofin biyu kuwa siyasa ce ta gina su. Ƙasar Tasawa da ta Maraɗi da ta Katsina tarihinsu ɗaya ne, gidan sarautar Katsina ne ya ƙaura arewa bayan jihadi. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa wannan yanki da ɓarna, har shugabanninta biyu suka gamu da ajalinsu a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi, tawagar Tilho da O'Shee ta kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Daga nan ɗan kudu ya shiga makarantar Ingilishi, ɗan arewa ya shiga “lakwal” a gaban “mushe”. Sai dai layin bai hana ƙafa tafiya ba. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Kano ta zama babbar kasuwar ƙarfe da kayan aiki da kayan gyara, ƴan cin rani kuma suka riƙa komowa gida da kaya tare da sunayensu. Shi ya sa a rumfa ɗaya a Sarkin Hausa za ka ji “walda” da “birki” da “bayis” na kudu suna zaune da “bis” da “turnabis” da “eto” na arewa. Wanda ya ce Hausar Nijar daga Faransanci kaɗai take aro bai zauna a garejin kabu-kabu ba.

Kama da wane ba ta wane

A nan sai ɗalibi ya yi hattara. A makarantun sakandare na Najeriya yara kan kira mataimakin shugaban makaranta “Bayis”. Sauti ɗaya ne da na maƙera, har wani zai ce ai don yana matsa wa yara ne. Ba haka ba ne. Wannan daga wata kalmar Latin ce daban, “vice”, mai nufin “a madadin”, ita ce ke cikin laƙabin mataimakin shugaban ƙasa da na shugaban jami'a. Akwai kuma ta uku, mai nufin mugun hali, daga Latin “vitium”, aibi. Uku ne tushensu daban, Ingilishin Ingila ya tara su a rubutu ɗaya da furuci ɗaya. A Faransanci ma ta mugun halin da ta ƙusa furucinsu ɗaya ne, rubutu ne kawai ya raba su.

Irin wannan tarko yana nan cikin Hausa ma. Kowa zai rantse cewa “matsala” daga “matsa” take, domin matsala na matsa wa mutum, alhali kuwa daga Larabci “mas'ala” take. Haka na taɓa jin wani abokin karatu yana cewa “awartaki” daga “warce” yake, wai don yana warto ƙarfe daga wuta. Ma'anar ta zauna da kyau, amma ƙirar kalma ba ta goyi bayansa ba, domin Hausa ba ta da tsarin gina sunan kayan aiki da “a-” a goshi da “-ki” a ƙeya. Wani kuma ya ce tun da ya fara da “a-” kamar “akala” da “amale” da “ayari”, to na Abzinawa ne. Shi ma siffa kaɗai ya riƙa, “aska” da “akuya” ma da “a-” suka fara. Kafin a ce wata kalma daga wata take, sai an kawo abu uku: kalmar asali da shaidar wanzuwarta, ƙa'idar sauti da ke aiki a wasu kalmomin ba a wannan kaɗai ba, da hanyar da masu harsunan biyu suka haɗu. “Bayis” ya cika ukun. Shi ya sa na zaɓe shi.

Wace za a sa a littafi?

Wannan ba tambayar nishaɗi ba ce. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida a makarantun firamare, an fara da Hausa a Damagaram. A 1980 an zauna a Yamai don daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. In maganar za ta wuce takarda, wata rana sai an rubuta littafin koyon ƙira da walda da kafinta cikin Hausa, kuma waɗanda za su zauna su zaɓi kalmomin, mu ne da ke cikin azuzuwan nan. A shafin da aka zana wannan na'ura, me za a rubuta a ƙarƙashinta?

Masu kishin tsarkin harshe za su ce a ƙirƙiro daga gida, kuma Hausa na da injin yin haka. Ana sa “ma-” a goshin aikatau, “-i” a ƙeya, da karin sama a dukan gaɓoɓi, sai a sami sunan kayan aiki: “buɗe” ya ba da “mabuɗi”, “girbe” ya ba da “magirbi”, “auna” ya ba da “ma'auni”. Wannan ɗafi tsohon gado ne na dangin harsunan Afro-Asiya. Larabci na da shi, “fataha” ya ba da “miftah” kamar yadda “buɗe” ya ba da “mabuɗi”, kuma da wannan tsari ne Larabci ya kira na'urar tamu “milzama”, daga saiwar da ta ba mu “lazimta”. To, mu gwada. Daga “kama” za a sami “makami”, amma takobi da bindiga sun riga sun kama wurin. Daga “riƙe” za a sami “mariƙi”, wanda ya riga ya zama na ƙofa da na tukunya. Daga “danne” akwai “madanni”, masu kwamfuta sun ɗauka. Daga “ɗaure” akwai “maɗauri”, hankali kuma igiya zai tafi. Injin na aiki, amma gurabe da yawa a cike suke, kuma wannan abu ne da masu ƙirƙirar kalma a ofis kan manta. Saura “mamatsi” daga “matsa”, kuma shi ba shi da laifi a ƙira, jam'insa ma a shirye yake, “mamatsai”.

Laifinsa ɗaya ne, ya yi faɗi. Abin da kafinta ke haɗa katako biyu da shi kafin gam ya bushe mamatsi ne. Abin da ake matse tiyo da shi a jikin famfo mamatsi ne. Injin matsar ƙuli ma mamatsi ne. In aka ba bayis wannan suna shi kaɗai, sauran sun rasa. A ganina wurin “mamatsi” shi ne kan babi, sunan dangin duka, a ƙarƙashinsa kowane ya zo da sunansa.

Shawarar tsohon maƙerin ma, duk da hikimarta, ba zan sa ta a littafi ba. In “awartaki” ya faɗaɗa ya haɗiye bayis da filaya da hantsaki, to mun rasa bambancin da maƙera suka yi ƙarnuka suna kiyayewa, kuma ranar da malami ya ce wa yaro ya ɗauko awartaki ga jan ƙarfe a wuta, ya kamata yaron ya san abu ɗaya tak ake nufi.

Saura “bayis” da “eto”. Mai kishin Nijar zai ce me zai kai mu ɗaukar na Ingilishi alhali ga namu. Amma “eto” ba namu ba ne fiye da “bayis”, dukansu baƙi ne, kuma mun ga ma “bayis” jinin Faransanci ne da ya yi zaman Ingila. Abin dubawa shi ne wanne ya fi zama Bahaushe, kuma wanne zai fi yi wa yaron amfani. “Bayis” ya bi ta injin sautin Hausa ya fito da siffar gida. Ana jin sa a kudu, ana jin sa a rumfunan arewa, kuma yaron da ya gama koyo a Mayahi, in ya je neman aiki ko sayen kaya, Katsina da Kano ne a gabansa. “Eto” kuwa yana da nasa hakki, domin shi ne zai haɗa yaron da littattafan Faransanci da malaman da aka horar da su. Da ni ne, sai in sa “bayis” a ƙarƙashin hoton, in sa “eto” a gefensa da ƙananan baƙaƙe, in bar “bis” da “turnabis” a nasu shafi ba tare da na tilasta wa kowa “sukundireba” ba, tun da su sun riga sun kafu a bakin mutanenmu. Wani zai ce wannan rashin tsari ne, a ɗauki ɗaya daga kudu ɗaya daga arewa. Na yarda, amma haka rumfar take magana.

Abin da zai raba gardama shi ne bayanan fili, kuma wannan aiki ne da ɗalibin shekara ta biyu zai iya yi a hutu ɗaya. Kada a tambayi mai sana'a ko ya san “bayis”, domin zai ce ya sani don ya faranta wa baƙo. A nuna abin da yatsa a ce mene ne wannan. A rubuta shekarunsa, da inda ya koyi sana'a, da ko ya taɓa cin rani a kudu. A sa kalmar cikin jimla don a ji jinsinta, a tambayi yadda zai ce in sun kai uku don a ji jam'inta, a kuma ɗauki murya domin karin sauti ba ya fitowa a rubutunmu na yau da kullum. Ni na manta da tambayar jam'i a ranar, sai da muka hau babur muka kama hanyar gida na tuna.